Gargaɗi ga masu bin hanyar Ghuddwa da iyayensu a gida

'Yan'uwa masu tasowa daga Agadas, ta Dirku da Gatrun, zuwa Ghuddwa da Sabha a Libiya: ku binciki wayoyinku kafin wani ya bincika muku. Tun a Afrilun 2017 hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, ta bayyana yadda ake tsare baƙin haure a Sabha, a tilasta musu kiran gida a turo kuɗin fansa. Wayarka ce ke faɗa wa mai garkuwa nawa zai nema: saƙon banki, hoton gidan yayanka, lambar ɗan'uwanka da ke Italiya. Ka goge su tun kana Agadas. Lambar mutum ɗaya da ka amince da shi, haddace ta.

Iyaye, ku ma da ku ake. In an kwana biyu ba a ji ɗuriyar yaro ba, kada ku baza hotonsa da cikakken sunansa da lambarku a Facebook. Macuci zai kira ya ce yaron yana hannunsa, alhali ko ganinsa bai taɓa yi ba. Ku tambayi abin da ɗanku kaɗai ya sani, ku ji amsar daga bakinsa, kafin ko sisi ya fita. Lambobi shida da WhatsApp ke turowa kuwa, ba a ba kowa, ko da ya ce shi jami'i ne.

Ba na ɗora wa matafiyi laifin duka. A 2021 an watsa bayanan masu Facebook miliyan 533, har da lambobin waya, ciki da 'yan Najeriya da Libiya. A Janairun 2022 kwamitin Red Cross na duniya ya sanar an kutsa cikin bayanan da yake riƙe da su na mutum fiye da 515,000, da yawansu masu neman dangin da suka ɓace. Waɗannan ba su yi sakaci ba. Amana suka bayar. Wajibi ne kamfanoni su rage abin da suke tarawa, su rufe shafukan dillalan hanya, su amsa ƙorafi da Hausa. Najeriya ta yi dokar kare bayanai a 2023, ta kuma ci Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, tarar dala miliyan 220 a 2024. Daidai ne, amma wannan doka ba ta kai Ghuddwa da Sabha ba.

Wanda ɗan'uwansa ya ɓace ya je ofishin Red Cross mafi kusa, sashen sada iyalai, ya ba da bayanin baki da baki.