Zancen Takardar Neman Jihar Bayajidda da Hanyar da Take Bi

 Duk wanda ya saba zama a majalisun Daura, tun daga bakin rijiyar Kusugu har zuwa rumfunan kasuwa, ya sha jin zancen Jihar Bayajidda. Shekara da shekaru ana rubuta takardar neman a yanke wa wannan yanki jiharsa, wakilai su ɗauka su kai Abuja, a ɗauki hotonsu suna miƙawa, rediyo ta faɗa, sa'an nan a ji shiru. Abin da masu neman ke so ba ɓoyayye ba ne: gidan gwamna da ma'aikatu su matso kusa, kason kuɗin da Tarayya ke raba wa jihohi kowane wata ya sauka a ƙofar gida, falke da manomi su huta da zarya zuwa Katsina kan kowace takarda. Wannan bukata ce ta halal. Abin dubawa shi ne me ya sa kukan ke fita da ƙarfi amma ba ya isa inda aka nufa.

Wajen suna kam sun dace. Yaron da ke biya allo ma ya san labarin baƙon da ya kashe macijin Kusugu, wanda ya hana mutane ɗibar ruwa sai ran Juma'a, ya san Daurama da Bawo da Hausa Bakwai. Sunan kaɗai ya yi musu rabin shela. Sai dai shela dabam, hukunci dabam.

A watan Agusta na 2021 jaridu suka buga jerin sababbin jihohi wajen ashirin, suka ce kwamitin Majalisar Dattawa mai duba tsarin mulki, wanda Ovie Omo-Agege ke shugabanta a lokacin, ya amince da su. Sunan Bayajidda na ciki. Labari ya bi wayoyin hannu kamar wutar daji. Ba a daɗe ba Majalisar ta fito ta ce sam ba ta ba da shawarar kafa ko jiha ɗaya ba, takardun masu nema ne kurum ta karɓa, kuma ba ta da ikon wuce sharuɗɗan da doka ta gindaya. Haka kuma a watan Fabrairu na 2025 Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya karanta bukatun jihohi 31 daga sassan ƙasa, bayan 'yan makonni ya ce babu ko ɗaya da ta cika sharaɗi. Talatin da ɗaya, kowace da kwamitinta da kuɗin motarta da masu yabonta!

To, waɗanne sharuɗɗa ne? Suna nan a sashe na 8 na tsarin mulkin 1999, kuma ya kamata malami da attajiri su san su kamar yadda suka san nisabin zakka, gama su ne ake zuwa wa neman addu'a da gudummawa. Da fari, ba a kiran takarda bukata sai ta zo da goyon bayan biyu cikin uku na zaɓaɓɓun wakilan yankin da ke nema, a kowane mataki: a Majalisar Dattawa da ta Wakilai, a majalisar dokokin jiha, da kuma majalisun ƙananan hukumomi. Daga nan a yi ƙuri'ar raba gardama a yankin, biyu cikin uku na mutane su ce sun yarda. Sa'an nan a kai sakamakon ga jihohin ƙasa duka, mafi yawansu su amince ta bakin majalisunsu. A ƙarshe kowace daga majalisu biyu na Tarayya ta zartar da rinjayen biyu cikin uku. Ƙofa huɗu ke nan, kuma yawancin masu nema a bakin ta fari suke tsayawa.

Masu ilimin fiƙihu ba za su ga baƙon abu a nan ba. Alƙali ba ya hukunci da yawan masu rakiya, ko da sun cika zaure sun tsaya har titi. Mai da'awa shaidu ake tambayarsa, shaidun ma waɗanda shari'a ta yarda da su. A wannan mas'ala shaidun da doka ta ambata su ne kansila da ɗan majalisa da sanata. Sa hannun sarakuna da malamai da manyan 'yan kasuwa yana ƙara wa takarda kwarjini, babu musu, amma ba shi ake ƙirgawa ba. Kadan kuwa an so a haɗa da wani yanki na Jigawa, kamar yadda jaridu suka ambata, to sai an bi wakilan can su ma ɗaya bayan ɗaya.

Inda ruɗun ya samo asali shi ne mutane sun saba da zamanin soja. Yakubu Gowon ya yanka jihohi 12 a 1967, Murtala Muhammad ya mai da su 19 a 1976. Ita kanta Katsina ran 23 ga Satumba 1987 Ibrahim Babangida ya cire ta daga Kaduna, Jigawa ta biyo baya a 1991, Sani Abacha ya cika su 36 a 1996. A wancan zamani takarda ta isa kunnen mutum guda, in ya so gobe a ji a rediyo. A mulkin farar hula kuwa sau ɗaya tak aka taɓa yi, watau Yankin Yamma ta Tsakiya a 1963, shi ma sai da aka kaɗa ƙuri'ar raba gardama. Mutanen Daura sun ga hujjar wannan da idonsu: ɗan garin, Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, ya riƙe ƙasar nan daga 2015 zuwa 2023, jiha ba ta samu ba, domin dokar ba ta sa mabuɗin a hannun shugaban ƙasa ba.

Kada a ce ke nan yayata bukata aikin banza ne. Tarihin ƙasar Hausa ya nuna akasin haka, kuma a nan ya kamata a ɗan dakata. Wajen shekara ta 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami domin sallar layya, cikinsu har da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi. Sarki ya yi wa malamai kyauta, aka ware wa Shehu zinariya mai yawa. Shehu ya ƙi karɓa, ya ce a maimakonta yana roƙon abu biyar: a bar shi ya yi wa'azi a ƙasar, kada a hana wanda ya so amsa kiransa, a girmama masu rawani, a saki waɗanda ke ɗaure, kuma kada a nauyaya wa talakawa haraji. Bawa ya amsa duka.

Mai lura zai ga abubuwan da suka ba wannan roƙo ƙarfi. An yi shi a filin idi, gaban taron malamai da fadawa, inda sarki ba shi da halin cewa bai ji ba. An yi shi ga wanda yake da ikon bayarwa, ba ga wani bafade mai cewa zan isar ba. Bukatun 'yan kaɗan ne, har makiyayi na iya haddace su ya kai rugarsu. Mai roƙon kuma ya fara da ture abin da aka miƙo wa aljihunsa, shi ya sa ba wanda ya iya cewa kansa yake yi wa. Wannan na ƙarshe shi ne mai wuya a yau, gama da an ambaci sabuwar jiha sai mutane su soma lissafin wa zai zama gwamna, wa zai samu kwangilar sakatariya. Amma fa alkawarin Magami magana ce ta baki. Da Bawa ya rasu, sarauta ta kai ga Nafata, sai aka yi shelar hana rawani da lulluɓi da wa'azin kowa ban da Shehu, al'amari ya yi ta tsami har hijira zuwa Gudu a 1804. Abin da bai shiga doka ba, magaji na iya warware shi da safiya guda.

Saboda haka akwai gyaran da ya kamata masu ɗaukar takardar Bayajidda su yi. Irin waɗannan takardu da Turanci ake rubuta su, alhali da sunan mutanen da yawancinsu Hausa suke karantawa, wasu da boko wasu da ajami, ake kai su. Ina laifin a fassara ta, a karanta a rediyo da bakin masallatai bayan an sallame, a liƙa a kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi, kowa ya ji waɗanne garuruwa aka sa a ciki, ina za a yi hedikwata, da wane kuɗin shiga jihar za ta biya albashi? Mutanen da ba su ji takarda ba, ta yaya biyu cikin ukunsu za su dangwala mata ranar ƙuri'a? Attajirin da aka zo wa neman gudummawar tafiya Abuja yana da hakkin ya ce a nuna masa kwafin da ofishin majalisa ya buga wa hatimin karɓa, da kwanan wata, a kuma gaya masa wakilai nawa suka sa hannu cikin nawa. Wanda ke ba da bashin atamfa ba ya yarda sai an rubuta a littafi, balle wannan.

Labarin jarida kuma a riƙa tace shi. "An karɓi takarda" ba "an amince" ba ne, "kwamiti ya ba da shawara" ba "majalisa ta zartar" ba ne, ko da yake a bakin mai shela duk ɗaya suke fita.

Masarautar Daura ƙananan hukumomi biyar ce cikin 34 na Jihar Katsina: Daura, Baure, Mai'aduwa, Sandamu da Zango. Kansilolinsu da 'yan majalisarsu ba a Abuja suke kwana ba, ana gamuwa da su wajen suna da jana'iza. Sa hannunsu, da na takwarorinsu a duk garin da aka so a haɗa, shi ne ƙofar fari, kuma kuɗin motar zuwa gidajensu bai kai na masaukin dare ɗaya a Abuja ba.