Matar da Ba Ta Taɓa Taɓarya

Maganar kunu ce ta kai ni wata unguwa a bakin garin Gummi, gefen da ke gangarawa fadamar Gulbin Zamfara. An ba ni labarin wasu mata da ke taruwa a gida ɗaya suna haɗa garin kunun yara, wai 'ya'yansu sun fi na maƙwabta kumari ko a watannin nan na tsakanin shuka da kaka, lokacin da rumbu ke yin ƙasa. Ni dai awo nake son sani: me suke zubawa, nawa yake ci musu, kuma ina suke samun kuɗin a shekarar da tiyar gero ta nemi gagarar talaka.

An tarbe ni da fura da tabarma, aka shigar da ni cikin gida.

Awon ba shi da wuya. Gwangwani shida na gero, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa. A soya wake a ɓarza a sheƙe, a soya gyaɗa a murje, a haɗa a kai inji, in babu kuɗin niƙa a daka. Wadda ta samu busasshen kifi a wurin masunta sai ta ƙara. Kowace mace tana zuwa da abin da ya sawwaƙa, wadda ba ta da komai ta zo da itace ko da ƙarfinta. Yawancinsu ba haifaffun garin ba ne. Rashin tsaro ne ya taso su daga ƙauyukan Anka da Bukkuyum da na ƙasar Gummi kanta, ambaliyar Agustan 2024 kuma ta rushe wa wasunsu ɗakunan da suka samu suka raɓa.

Ina cikin rubuta awon ne idona ya tsaya kan wata mata da ba za ta wuce shekara arba'in da 'yan kai ba, amma kowa Inna yake ce mata, har sa'o'inta. Ita ce mai tankaɗe, ita ce mai gyara wuta, ga ɗan wata a bayanta. Turmi uku ake daka a tsakar gidan, ana ta karɓe-karɓe, amma ko sau ɗaya ba ta karɓa ba. Da wata taɓarya ta gangaro kusa da ƙafarta, sai ta kira wata yarinya ta ɗauke. Na yi wa wadda ke kusa da ni raɗa, ko ciwon kafaɗa take yi? Ta ce, “Inna ba ta daka. Ki tambaye ta, ba ta ɓoyo.”

Wanda ya san yankin nan a 2010 zai fara hasashen inda maganar ta dosa. A shekarun da zinariya ta yi tsada a kasuwar duniya, manoman ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Sunke da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum, sun duƙufa haƙar duwatsu. Ana kawo dutsen cikin gari, a farfasa shi, a niƙa shi da injin niƙan hatsi, mata kuma su daka nasu a cikin gida don su ma su samu na sabulu. Ba wanda ya san dutsen cike yake da dalma. Ƙurar ta sauka a tsakar gida, a kwanon tuwo, a ƙasar da yaro mai rarrafe ke dafawa ya kai hannu baki. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, da suka fito sa ido kan sanƙarau, suka lura yara na mutuwa fiye da ƙima. Binciken da aka yi a ƙauyuka biyu kaɗai ya nuna yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Na'urar gwajin jini da aka zo da ita a lamba 65 take tsayawa, alhali daga 45 ake fara ba yaro magani, kuma yara da yawa na'urar kasa ƙirga nasu ta yi. Jimillar waɗanda aka rasa ta haura 400. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, ƙauye bayan ƙauye, har zuwa Bagega a 2013. A 2022 MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jiha.

Inna 'yar ɗaya daga cikin ƙauyukan nan ce. Bayan azahar ta ja ni ɗakinta. A bakin ƙofa wani saurayi na zaune yana tufka igiyar kaba, bai ɗago ba da na yi sallama. Ta ce autanta ne, ba ya magana, ganinsa ma kaɗan ne.

“Malama, ɗiya huɗu gare ni lokacin,” in ji ta. “Biyu sunka tahi cikin kwana tara. Mace da namiji. Zahin jiki, amai, sai jijjiga. Munka ce iska ce, munka yi hayaƙi, munka yi rubutu. Da likitoci sunka zo sunka ce ƙurar dutse ce, kowa ya ji sanyi, an gano ciwo. Ni ko ranar ciwona ya soma. Don ni nid daka dutsen nan. Da hannun ga. Wanga yana goye, waɗancan suna wasa gindin turmi, ina korar kaji ba na korar su.”

Ta faɗi haka ne ba kuka, ba rawar murya, kamar mai ba da labarin wata. Ta ce mutane sun yi mata duk abin da ake yi wa mai rashi. An zo gaisuwa, an ce ta yi haƙuri, an ce kwanansu ne ya ƙare. Ta yarda da ƙaddara, ba ta taɓa jayayya da ita ba. Amma duk mai cewa ta yi haƙuri yana gamawa zai tashi ya kaɗe zani, ita kuma a bar ta da turmi a tsakar gida. Ta daina cin abinci sai an matsa. Ta daina barci. Abin da ya fi ba ta kunyar faɗa shi ne, ta kai ba ta son ɗaukar jaririn da ya rage, don tana ganin hannunta ne ciwon.

Aka kwantar da su a asibiti makonni, ana ba yaron maganin da ke fitar da dalma ta fitsari. A ɗakin akwai wata tsohuwa mai shara. Inna ba ta san sunanta ba har yau, Gwaggo kawai ake kiranta.

“Ba ta taɓa ce mini in yi haƙuri ba. Ba ta tambaye ni mi ya faru ba. In ta ƙare shara sai ta aje tsintsiya ta zamna kusa da ni, ta ɗauki yaron ta wanke mai kashi, ta shafa mai mai. Ran nan sai ta kama hannuna, ta ɗora bisa bayan yaron, ta ɗora nata bisa nawa, muna shafawa tare. Sai tac ce, ‘Ɗiyata, kin ga ya yi shiru. Hannunki ya sani.’ Shi ke nan abin da tac ce. Daren nan na yi kwana har asuba.”

Na daɗe ina juya wannan magana. Mu dai mun saba ɗaukar tausayi a matsayin hali, wane yana da shi, wance ba ta da shi, haka Allah ya yi su. Inna ba ta musanta wannan ba, sai dai ita a wurinta aiki ne da ake koya kamar kitso: akwai inda ake sa hannu, akwai inda ake sassautawa, kuma mai koyo sai ta ɓata kai da yawa kafin ta iya. Abin da take koya wa matan gidan ke nan, kunun hanya ce kawai ta tara su.

Ga dalilin da ya sa abin yake da amfani. A ƙasar Hausa uwar yaro mai tamowa ba ciwon ɗanta kaɗai take ɗauke da shi ba. Za a ce ƙazama ce. Za a ce ta yi kwanika, yaro ya sha ciki. Uwar miji za ta yi habaici, kishiya ta yi waƙa a bakin murhu. Don haka sai ta lulluɓe yaron, ta daina fita da shi suna ko biki, har sai ƙafafunsa sun kumbura, lokacin da aikin ya riga ya yi nisa. Ma'aikatan lafiya sun raba wa iyaye mata wani ɗan tef na awon damtse mai launi uku: in ya nuna ja, damtsen bai kai santimita 11.5 ba, asibiti ba jira; rawaya tsakanin 11.5 da 12.5, yaro na bakin rami, kore lafiya. Ko wadda ba ta yi boko ba za ta iya karantawa. Kuma magani akwai shi. Tun yunwar Nijar ta 2005, da aka yi jinyar yara fiye da 60,000, yawancinsu a jihar Maraɗi kuma a gaban iyayensu a gida, da abincin nan na leda mai gyaɗa da madara, duniya ta san tamowa ba hukuncin kisa ba ce. A Gummi ma akwai sashen jinyar irin waɗannan yara a asibiti. To amma tef ba ya shiga ɗakin da aka rufe, ledar gyaɗa kuma ba ta san gidan da ake ɓoyon yaro ba. Sai mutum ya je.

Inna ce ke zuwa, yanzu kuma tana tura 'yan matan da ta horar. Na zauna na ji tana yi wa wata amarya bita kafin ta aike ta wani gida. Ta ce kada ta shiga da tef a hannu, ta sa shi a lalita. Ta zauna a ƙasa, ko da an miƙo mata kujera. Ta fara tambayar uwar ko ita ta ci abinci, don uwar da ba ta ci ba ba ta da kunnen jin wa'azi. In ɗakin na wari kada ta taɓa hanci. Kada kalmar “me ya sa” ta fito daga bakinta, ko ta me ya sa ba ki kai shi asibiti ba, ko ta me ya sa kika yaye shi. “Ta riga ta tambayi kanta sau dubu,” in ji Inna, “ke za ki cika na dubu da ɗaya?” Ta nemi a ba ta yaron ta riƙe, ta yabi wani abu a jikinsa, ko idonsa ne ko sumarsa. Sai hira ta yi hira sannan tef ya fito, kuma uwar ce za ta ɗaura da hannunta. A nan Inna ta fi tsanantawa. Ta ce ko uwar ta ɗaura a karkace, a kama hannunta a gyara tare, kada a karɓe.

Na gane daga ina wannan ƙa'ida ta fito, ban ce komai ba.

Amaryar da ake yi wa bitar ita ma da tata. An kashe mijinta na fari a gona, ta iso Gummi da ciki, ta yi wata da watanni ba ta magana da kowa. Ta gaya mini cewa ranar farko da Inna ta aike ta, ta tsaya a zaure ta kasa shiga. Yanzu gida biyar take zagayawa. “In na tashi da sahe akwai mai jirana,” in ji ta. “Da can ko, gari ya waye ko kar ya waye, duk ɗaya.”

Ba zan ƙawata abin ya wuce yadda yake ba. Kunun ba ya isa. Akwai makon da ba a haɗi sam don babu wake. Yaran da Inna ta raka asibiti ba duka suka dawo ba, kuma ta ce duk wanda aka rasa sai tsohon mikin ya motsa. Autanta ba zai warke ba, ɓarnar da dalma ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa, kuma babbar damuwarta wa zai riƙe shi in ba ta. Da na tambaye ta ko tana ganin ta warke, sai ta yi dariya ta ce, “Ina ci, ina kwana, ina dariya, ga shi kin gani. Daka ce dai ban koma ba, kuma ba wanda ya matsa mini.” Ni a ganina mutanen gidan sun yi hikima da suka bar ta a haka. Mun cika son mu ga mai rauni ya miƙe tsaf don hankalinmu ya kwanta, ba don nasa ba.

La'asar ta yi ana rabon gari, sai gardama ta tashi. Wata daga cikin 'yan matan ta dawo a fusace: ta gano wata uwa ta sayar da rabin ledojin gyaɗar da aka ba ɗanta. Ta ce wannan zalunci ne, yaron ja ne, ya kamata a faɗa wa ma'aikatan asibiti, a kuma cire matar daga rabon kunu. Wasu suka goyi bayanta, kuma gaskiya suna da hujja, don ledar magani ce aka ƙidaya ta daidai da nauyin yaro, in aka rage ba zai tashi ba.

Inna ta bari suka gama. Sannan ta tambayi yarinyar yara nawa ne a gidan. Ta ce biyar. Miji fa? Ya tafi haƙar zinariya tun bazara, ba labari. Me sauran huɗun suka ci jiya? Yarinyar ta ce ba ta tambaya ba.

“To koma ki tambaya. Ki hwaɗa mata gaskiya, ledar nan ba ta saidawa ba ce, in ta ƙara yaron na iya tahiya. Kar ki sassauta wannan. Amma ki tahi da gwangwani biyu cikin rabona, na manyan ne.”

Yarinyar ta ce wannan ai ba ta lada ke nan a kan laifi, gobe wata ma za ta yi. Inna ta ce mai yiwuwa. Ba su daidaita ba. Yarinyar ta auni garin tana ƙunƙuni, ta ƙulle a gefen mayafi, ta ce in ta tarar an sake sayarwa ita da kanta za ta kai ƙara, ba ruwanta da Inna. Inna ta ce ta amince, amma ta yi sauri kafin magariba, kuma ta biya ta gidan mai koko ta karɓo rariyar da aka ara.