Ba Kowane Gurguntaka Ne Shan-inna Ba

Bara, sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar firamare cikin garin Gombe, na tarar da wani yaro ɗan shekara 7 a ajina wanda kullum yake faɗuwa. In zai tashi daga tabarma sai ya dafa ƙasa, ya dafa gwiwoyi, ya bi cinyoyinsa da hannu, kana ya miƙe. Da fari na zaci lalaci ne, har na yi masa faɗa, abin da nake nadama har yau. Ubansa ya gaya mini sun sha zuwa ɗakin shan magani, ana ce musu shan-inna ne. Sai da suka je babban asibiti aka gane ciwon lalacewar tsoka ne.

To, 'yan'uwa, ga bambancin. Shan-inna farat ɗaya yake kama yaro, galibi bayan zazzaɓi. Wannan kuwa sannu sannu yake cin tsoka. Irin wanda ya fi yawa ga yara ana kiransa da sunan Duchenne, wani likitan Faransa da ya bayyana shi wajen 1861. Gado ne, ba sammu ba, ba ya kuma yaɗuwa. Maza ya fi kamawa, kamar ɗaya cikin 3,500 zuwa 5,000. Alamunsa kan fito kafin shekara 5: tafiya a kan yatsu, kasa gudu, da sha-raɓa mai kauri amma ba ƙarfi. Da yawa tafiya kan gagare su wajen shekara 12.

Har yanzu ba maganin da ke warkar da shi. Amma in an gane da wuri, ta gwajin jini, akwai magani irin su prednisolone da ke rage masa sauri, ga gashin ƙashi, ga duba zuciya da numfashi. Waɗannan kan ƙara wa yaro shekaru.

Saboda haka abu uku ya kamata mu roƙa. Na ɗaya, a koya wa malaman asibitocin unguwa alamun nan, su riƙa tura yara Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe. Na biyu, a kawo gashin ƙashi da keken guragu kusa da talaka. Na uku, a yi wa asibitoci da makarantu hanyar shigar keke, gama dokar kare haƙƙin naƙasassu da aka sa wa hannu a Janairu 2019 ta wajabta haka ga gine-ginen jama'a.

Mu malamai mu ne muke ganin yara kullum. Wanda ya ga alamun nan ya gaya wa hedimasta da iyaye, a haɗu a kai kuka ga kwamitin lafiya na unguwa da mai unguwa. Ran 7 ga Satumba kowace shekara duniya ke tunawa da masu ciwon nan, ya kyautu kwalejinmu ta yi lacca ranar. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.