'Yar Tsana da Allura a Gidajen Maiwurno

Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Maiwurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya ja ragowar masu hijira gabas, har suka kafa garin Maiwurno a gaɓar Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar a Sudan. Cikin guzurin mata har da allura da zare.

A ƙauyukan Hausawan nan da na Jazira, inda auduga ta bunƙasa tun kammala madatsar Sinnar a 1925, yarinya kan fara ɗinki a kan 'yar tsana: kara ko ƙashi, a naɗe da tsumma, a yi mata zane da kallabi. Daga nan hannunta ke faɗawa, har ta iya harhaɗa ƙyallaye su zama mayafi.

Jumhurin malamai sun halatta wannan wasa, domin Nana A'isha (RA) ta yi shi a gidan Manzon Allah (SAW), kamar yadda Bukhari ya ruwaito.

Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya tarwatsa iyalai, ya raba kakanni da jikoki. Ya ku iyaye, ku miƙa wa 'ya'yanku ƙyalle da allura tun masu koyarwa suna raye. Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, amin.