Hirar da ƙwayoyin cuta ke yi a ɓoye



Duk matar da ta taɓa zura hannu cikin randa don wanke ta, a Kawo ne ko Unguwar Shanu ko Badarawa a garin Kaduna, ta san yauƙin nan mai santsi da ke manne a jikin bangonta. Ruwan ga shi garau, amma yatsa na zamewa. Haka cikin jarkokin 'yan garuwa yake idan aka daɗe ba a cuɗa su ba. Akasarin wannan yauƙi gini ne na ƙananan halittun da ake kira bakteriya, kuma da dama daga cikinsu sai sun ji ɗuriyar juna suke tsara shi.

Ba su da baki, ba su da kunne. Kowace ƙwaya tana fitar da ɗan sinadari cikin ruwan da take zaune, tana kuma da wata kafa da ke shinshinar irinsa. Idan su kaɗan ne, sinadarin sai ya watse, ba wanda ya ji. Idan suka yi yawa, sai ya taru har ya kai wani mizani, nan take ya kunna wasu ƙwayoyin gado a jikinsu, ya kashe wasu. Abin ya yi kama da Majalisar Dokokin Jihar Kaduna a Lugard Hall: sai kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa sun hallara sannan zama ya halatta.

Ƙwayoyin teku na cikin waɗanda aka fara gano wannan a jikinsu. A 1970, Woodland Hastings da Kenneth Nealson da abokin aikinsu a jami'ar Harvard ta Amurka sun lura cewa wata bakteriya mai walƙiya ba ta ba da haske sai ta cika kwalbar gwaji. Wannan ƙwaya, Vibrio fischeri, tana zama a jikin wata 'yar halittar teku mai hannuwa da yawa a gaɓar Hawai, wadda ba ta kai tsawon yatsa ba. Da dare halittar na fita farauta, hasken ƙwayoyin na haska ƙasanta daidai da na farin wata, don haka ba ta yin inuwar da kifi zai gani ya cafke ta. Da asuba sai ta amayar da mafi yawansu, ta nutse cikin yashi. 'Yan ragowar ba su isa su yi haske ba, sai sun wuni suna hayayyafa, yamma na yi adadi ya cika, fitila ta kama.

Shekaru da dama masana na kallon wannan a matsayin abin almara na ƙwaya guda. Daga baya Bonnie Bassler ta jami'ar Princeton da wasu suka nuna cewa ɗabi'ar ta game bakteriya iri-iri, har akwai sinadarin da jinsuna daban-daban ke fahimta tare.

To ina ruwan mutumin Tudun Wada da wannan? Kwalara. Ƙwayar da ke kawo amai da gudawa, Vibrio cholerae, 'yar'uwar waccan mai hasken ce, amma nata lissafin a juye yake. Lokacin da suke 'yan kaɗan a hanjin mutum ne suke mannewa, su zuba dafin da ke sa jiki tsiyayar da ruwa kamar na wankin shinkafa. Da sun ji sun cika wurin, sai su kashe dafin, su saki hanjin, su bi gudawar su fita neman rijiya ko kwata ko wani cikin. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu a Najeriya, sama da 3,600 suka rasu, kuma Jihar Kaduna na cikin waɗanda abin ya shafa.

Akwai kuma Pseudomonas, wadda likitocin kunne, irin na Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke nan Kaduna, suka san ta sarai a kunnen da ya daɗe yana zubar da mugunya. Launin kore-kore da ake gani a wasu gyambuna aikinta ne, kuma ba ta fitar da shi sosai sai taro ya cika. In ta lulluɓe kanta da yauƙi, maganin da zai kashe ta a sarari sai ya yi ta zamewa a banza. Nan ne majinyaci ke cewa magani ya ƙi ci.

Shi ya sa masana ke neman hanyar toshe musu hirar maimakon kashe su kai tsaye. A gaɓar Ostireliya an samu wata jar ciyawar teku da ke fitar da sinadarin da ke rikita saƙon, shi ya sa yauƙi ba ya cika kama ganyenta. A Kofanhegan ta ƙasar Denmak an gano wani sinadari a tafarnuwa mai irin wannan aiki kan Pseudomonas. Sai dai kada wani ya ji haka ya daka tafarnuwa ya ɗura wa yaro a kunne: waɗannan sakamakon ɗakin gwaji ne, ba maganin da ke kan kantar kemis ba. Mai gudawar kwalara kuwa, ruwan gishiri da sukari da gaggawar zuwa asibiti ne ke ceton ransa, tun kafin idanu su faɗa.