Yadda Bidiyon Dala 4,500 Ya Girgiza Kasuwar Reza a Amurka

A watan Maris na 2012, wani ɗan kasuwa Ba'amurke mai suna Michael Dubin ya ɗora wani gajeren bidiyo a YouTube, wanda dala 4,500 kacal aka kashe wajen haɗa shi. A ciki yana zagaya rumbun ajiyar kaya yana barkwanci, yana alkawarin cewa kamfaninsa, Dollar Shave Club, zai riƙa aika wa mutum reza har gida daga kan dala ɗaya a wata. Cikin sa'o'i 48 aka samu masu saye 12,000. A 2016 Unilever ya sayi kamfanin a kan kusan dala biliyan ɗaya.

Barkwancin ya taimaka, amma abin da ya sa maza suka riƙa tura wa juna bidiyon shi ne ya taɓo inda yake yi musu ƙaiƙayi, wato tsadar reza. Gillette, wanda ya daɗe yana riƙe da kasuwar, sai da ya rage farashinsa a 2017.

Shekara biyu kafin bidiyon Dubin, Old Spice ya riga ya nuna hanya. Kamfanin ya lura cewa mata ne suke sayen kaso mai yawa na sabulun wankan maza, don haka a tallansa na Fabrairun 2010 ya sa Isaiah Mustafa, tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka, ya yi magana da matan kai tsaye. A watan Yuli kuma aka shirya bidiyoyi sama da 180 cikin kwana uku, kowanne amsa ce ga wani da ya yi tsokaci a shafukan sada zumunta irin su Twitter da Facebook. Sabulun da ake yi wa kallon na tsofaffi ya koma abin yayin matasa.

Sai dai ba kowace yaɗuwa ce alheri ba. A Janairun 2019 Gillette ya fitar da tallan da ke jan kunnen maza a kan cin zali da cin zarafin mata. Miliyoyi sun kalla, wasu sun yaba, wasu kuwa sun ga cin fuska ne, har suka yi kiran a ƙaurace wa kayan kamfanin. A Yulin shekarar, Procter & Gamble ya zaftare dala biliyan 8 daga darajar Gillette a littattafansa, ko da yake ya ɗora alhakin hakan a kan faɗuwar darajar kuɗaɗen wasu ƙasashe, da gasa, da raguwar aske gemu.

Shi ma Dollar Shave Club farin jinin bai ɗore masa yadda aka zata ba, domin a 2023 Unilever ya sayar da mafi yawan hannun jarinsa a kamfanin. Bidiyo yana iya kawo mai saye karo na farko, amma farashi da ingancin kaya ne ke sa ya dawo a wata mai zuwa.