Iya Ruwa Ba Ya Ceton Wanda Ya Suma

Tun da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta fara matsa lamba kan dokokinta na 2023, cewa ba mai shiga jirgi sai da rigar kariya, kuma ba fito daga ƙarfe shida na yamma zuwa shida na safe, gardama ba ta ƙare ba a bakin ruwa. Daga Yawuri zuwa Patigi har Lakwaja, wasu na cewa wata hanyar tatsar talaka ce, wasu na kukan rigunan sun yi dauɗa kuma ga zafi. Waɗannan koke-koke ne da za a iya zama a saurara. Maganar da ke ci mini tuwo a ƙwarya ita ce wadda ƙarti ke yi suna bugun ƙirji: ni a ruwa aka haife ni, riga ta mata ce da yara da 'yan birni. Sai su ɗora da cewa ai iya ruwa fid da kai.

Karin maganar gaskiya ce, amma an yi ta ne a zamanin filafili da gwangwala, lokacin da jirgi ba ya wuce saurin mai tafiya a ƙasa. Yanzu inji ake ɗaura wa jirgi a baya, kuma inji ya sauya lissafin gaba ɗaya. Waɗanda suka fi kowa sanin haka su ne masu tseren jiragen ruwa a Turai da Amurka da Ostireliya, domin da rayukansu suka saye wannan ilimi.

Ruwan da ke cikin randa da ruwan da jirgi ke tsagawa a guje duk ruwa ne, amma halinsu ya bambanta. Ka tsoma hannu a randa sannu a hankali, ruwan zai ba ka hanya saboda ya sami lokacin matsawa gefe. Ka buɗe tafi ka mare shi da ƙarfi, sai ka ji raɗaɗi kamar bango ka mara. Duk yaron da ya taɓa daka tsalle daga kan gada ya faɗa rafi ta ciki ya san abin da nake nufi, domin da jan ciki yake fitowa. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce cif, mai tura kurar ruwa zai shaida maka. Ruwan da zai cika akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk mita ɗaya ne ya kai tan guda, nauyin buhun siminti ashirin ke nan. Ga shi kuma ba ya matsuwa. Katifa ko tarin auduga in ka faɗa musu sai su lotsa su karɓe ka. Ruwa ba ya lotsawa, sai dai ya kauce, kaucewar kuwa tana bukatar lokaci, gudu kuma shi ke ƙwace lokacin.

Wurin da mutane suka fi yin kuskure shi ne zaton cewa in gudu ya ninka biyu, bugun ma ninki biyu ne. Ninki huɗu yake yi. In gudun ya ninka uku, bugun ya ninka tara. Jikin da ke tafiyar kilomita 40 a awa yana ɗauke da ƙarfin wanda ya faɗo daga tsayin mita shida, kamar daga rufin bene mai hawa biyu. A kilomita 60 tsayin ya zama mita 14. A kilomita 100 ya kusa mita 40. Gaskiya ne cewa wanda jirgi ya watsar a karkace yake dukan ruwa, ya riƙa tsalle kamar sakainar da yara ke jefawa a kan kududdufi. Amma wannan ba sauƙi ba ne, domin a kowane tsalle ruwa na iya riƙe hannu ko ƙafa ko kai, sauran jiki kuma ya ci gaba da tafiya. Haka kafaɗa ke gocewa, haka wuya ke karyewa. Ko ba a kai ga karaya ba, bugu ɗaya a ƙirji ya isa ya ɗauke numfashi, ɗaya a kai ya isa ya kawo suma. Wanda ya suma kuwa, ko jikan Sarkin Ruwa ne, ba ya iyo. Aikin rigar ke nan: ta riƙe mutum a saman ruwa a mintocin da ba ya iya riƙe kansa.

Tarihin neman kambun gudu a kan ruwa cike yake da gawawwakin gwanaye. A ranar 13 ga Yunin 1930, Baturen Ingila Henry Segrave, wanda ya riga ya yi suna a tseren mota, ya kafa tarihi a tafkin Windermere da gudun kusan kilomita 159 a awa cikin jirginsa Miss England II. A zagaye na gaba jirgin ya kife, kuma abin da aka fi zato shi ne wani reshen itace da ke yawo a ruwa ya ci karo da shi. Makanikinsa ɗaya ya mutu nan take, shi kuma ya cika bayan 'yan awoyi. Reshen da mai kwale-kwale zai ture da filafili ya wuce, shi ne ya yi wannan ɓarna, saboda gudun da aka same shi da shi. A 1952 John Cobb ya mutu a tafkin Loch Ness na Sikotilan yana gudun fiye da kilomita 320, bayan jirginsa ya hau wasu ƙananan igiyoyin ruwa ya tarwatse.

Wanda aka fi tunawa shi ne Donald Campbell. Jirginsa Bluebird K7 injin jirgin sama aka sa masa, kuma irin waɗannan jirage ba tsaga ruwa suke yi ba, ɗagowa suke yi su riƙa shafar samansa da wurare uku kawai, iska na bi ta ƙarƙashinsu. Ribar ita ce gudu. Haɗarin kuwa shi ne da zarar hancin jirgin ya ɗaga fiye da ƙima, iska za ta shiga ƙarƙashinsa ta ɗauke shi kamar yadda guguwa ke yaye kwanon rufi. Abin da ya faru ke nan da safiyar 4 ga Janairun 1967 a tafkin Coniston: ya tafi lafiya, ya juyo bai tsaya ba, yana gudun wajen kilomita 480 jirgin ya tashi sama, ya wuntsila, ya bugi ruwa ya rabe. Sai a 2001 aka tsamo ɓaraguzan jirgin da gawarsa. Kambun da ake riƙe da shi yau na Ken Warby ne, ɗan Ostireliya da ya ƙera jirginsa da katako a bayan gidansa, ya yi kilomita 511 a awa a madatsar Blowering ranar 8 ga Oktoban 1978. Mutum biyu suka fito a hukumance don karya shi, Lee Taylor a 1980 da Craig Arfons a 1989, kuma dukansu a wannan yunƙuri suka mutu.

Akwai kuma tseren zamiya, inda jirgi ke jan mutum da doguwar igiya yana tsaye kan siririn allo da aka ɗaura masa a ƙafa. A Ostireliya an saba yin ɗaya a kogin Murray mai suna Southern 80, tafiyar kilomita 80 zuwa garin Echuca cikin kogi mai kwana fiye da ɗari, da wani a kogin Hawkesbury kusa da Sidni. Manyan 'yan wasan kan haura kilomita 150 a awa ba tare da komai tsakaninsu da ruwa ba, kuma duka gasannin biyu sun ci rayuka.

Abin da nake so mai bugun ƙirji ya lura da shi shi ne yadda waɗannan mutane ke shirya kansu. Ba wanda zai ce ba su iya ruwa ba. Amma mai zamiya ba ya shiga gasa sai da hular kwano da riga mai ɗaga jiki, kuma a cikin jirgin akwai mutum guda da aikinsa kawai ya juya baya ya zuba masa ido. Matuƙin jirgin tsere na ajin farko yana zaune ne cikin wani ƙaƙƙarfan akwati da aka fara amfani da shi a tsakiyar shekarun 1980, an ɗaure shi da bel, ga tukunyar iskar numfashi a gefensa. Kafin a ba shi lasisi sai an kife shi a cikin ruwa da gangan a ga ko zai iya kwance kansa ya fito. Ga jiragen ceto da masu nutso a tsaye a kowace kwana. Mu ma ba sai mun je Turai neman misali ba. Masuntan Argungu, waɗanda ba a yi musu gorin ruwa, da gora suke faɗawa Matan Fada. A ciki suke zuba kifi, a kanta kuma suke kwanciya su huta in ruwa ya yi zurfi. Ban taɓa jin wanda ya kira Bakabe rago don ya rungumi gora ba.

Gudun jirgi kuma ba matuƙinsa kaɗai yake shafa ba. Jirgin ruwa ba shi da birki. In ka saki mai, zamewa zai ci gaba da yi, kuma da yake turin inji ne ke juya shi, sakin man yana rage ikon kaucewa. Sannan ga igiyar ruwan da yake bari a baya, wadda ke tafiya nesa bayan shi ya wuce. Didier Pironi, tsohon direban tseren mota ɗan Faransa, ya mutu a 1987 a gabar Ingila tare da abokan tafiyarsa biyu lokacin da jirginsu na tsere ya hau igiyar da wani jirgin dakon mai ya bari. To ina ga kwale-kwalen da aka loda wa buhunan shinkafa da babura da mata masu goyo har bakinsa ya rage taƙi ɗaya ya taɓa ruwa? Igiyar da ba ta kai gwiwa ba ta isa ta cika shi. Mai gudun ya wuce abinsa, bai ma san ya kashe mutane ba.

Irin wannan ne ya sa aka ƙayyade gudu a Windermere, tafki mafi girma a Ingila, wanda masu kwale-kwale da masu iyo da masu zamiya ke rububinsa. An yi zaman sauraron jama'a, aka amince da dokar a 2000, aka ba masu sana'a wa'adin shekara biyar su sake shiri, sannan daga Maris ɗin 2005 aka hana kowa wuce kimanin kilomita 18 a awa. Masu otal da masu hayar jirage sun yi kuka sosai, wasu har yau suna yi, kuma ba zan ce kukansu na banza ba ne. Abin da ya burge ni shi ne an tambayi mutane, an ba su lokaci, da ranar ta zo kuma aka sa jiragen sintiri a ruwa. Amurka ma tun Afrilun 2021 ta wajabta wa matuƙan ƙananan jirage ɗaura igiyar kashe inji a jikinsu, wata 'yar jar igiya da ke kashe injin da zarar matuƙi ya faɗa ruwa. In babu ita, jirgin da ba kowa kan tuƙi yakan riƙa zagaye yana dawowa kan waɗanda suka faɗa, farfela na sara. Haka ya faru a Padstow ta Ingila a 2013, inda uba da 'yarsa suka mutu. Injinan da ake sayarwa a kasuwanninmu da wannan igiya suke zuwa daga kamfani, amma sau tari a naɗe za ka gan ta a jikin injin.

Ba zan ce gudu ne ya kashe mutanen da suka nufi kasuwar Wara a Mayun 2021 ba, inda jirgi mai ɗauke da fiye da mutum 150 ya rabe, waɗanda aka ceto ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Lodi ne da tsohon katako. Haɗarin Patigi a Yunin 2023, da ya ci 'yan biki fiye da ɗari, tsakar dare ne da itacen da ke ɓoye a ruwa. Na Gbajibo a Oktoban 2024 dare ne da cunkoso. Wanda gudu ya fito fili a cikinsa shi ne na Afrilun 2024 kusa da Asaba, da jirgi mai gudu ya yi karo da kwale-kwalen masunci, jarumin fim Junior Pope da abokan aikinsa huɗu suka rasu, kuma bidiyon da ya ɗauka kafin nan ya nuna shi ba riga. Sai dai a duk waɗannan, iya ruwa bai wadatar ba. A cikin duhu, ga mutum ɗari na neman abin kamawa, gwanin iyo shi ne farkon wanda ake ruƙunƙumewa a nutse tare. Ƙididdigar masu gadin gabar Amurka na nuna, shekara bayan shekara, cewa fiye da takwas cikin goma na waɗanda suka nutse a haɗarin jirgi ba sa sanye da riga.

Hukuma ma tana da nata. Raba riguna a gaban kyamara bayan kowane haɗari ba shi ne kula da ruwa ba. Tun 1968 da aka kammala madatsar Kainji ruwa ya shanye dazuzzuka, kututtura na nan tsaye a ƙarƙashi, kuma matuƙi da ƙwaƙwalwarsa kawai yake kauce musu, ba alamar da aka kafa masa. Hana fiton dare ba zai yi aiki ba a mashigar da ba jami'i ko ɗaya bayan la'asar, ga mutanen da ruwan ne kaɗai hanyarsu zuwa asibiti, wasu ma 'yan bindiga ne suka raba su da hanyar mota. Sarakunan ruwa da ƙungiyoyin masu fito sun san kowane jirgi da kowane matuƙi, da su ya kamata a ƙulla aikin ƙirga fasinja.

Sannan rigar kanta sai ta zama daidai jiki kuma a ɗaure. Wadda aka rataya a kafaɗa ba a ɗaure ba, bugun farko ke cire ta. Ta manya kuma in aka sa wa yaro, ta kansa take zamewa ta tashi sama ta bar shi. Jirgin da ya kife a madatsar Watari ta Bagwai ranar 30 ga Nuwamban 2021 ya ci aƙalla mutum 29, galibinsu 'yan makarantar Islamiyya da za su je Maulidi. Duk jami'in da zai sake sayo riguna, ya fara tambayar guda nawa ne a ciki za su shiga jikin yaro ɗan shekara bakwai.